pthread ya ƙi aiki bayan ɗauke manhaja daga Linux zuwa macOS da Windows: laifin laburare ne ko na kwamfaila?

ɗan_koyo

Assalamu alaikum malamai. Ina neman taimako kan wata manhaja ta C++ da ke sarrafa manyan fayiloli da zare (thread, wato sashen manhaja mai gudanar da aikinsa tare da sauran) takwas a lokaci guda, ta hanyar laburaren zare na pthread. A Ubuntu 22.04 aka rubuta ta, da kwamfailar g++ (mai mayar da kod ya zama manhaja) da CMake mai tsara ginin, kuma a can tana ginuwa tana aiki lafiya lau. Abubuwan zare da ke cikinta su ne `pthread_create`, `pthread_barrier_wait`, `sem_init`, `pthread_setname_np`, sai kuma `std::mutex` a wasu wuraren. Yanzu ana so ta yi aiki a macOS mai Apple Silicon da kuma Windows 11.

A macOS na sauke gcc ta Homebrew, na sa `alias gcc=gcc-14` da `alias g++=g++-14` a cikin `.zshrc`, amma gini yana tsayawa da wannan:

`error: unknown type name 'pthread_barrier_t'`
`error: no matching function for call to 'pthread_setname_np'`

Da na rufe waɗannan layukan na ɗan lokaci don in ga sauran, manhajar ta ginu. Sai dai zarurrukan ba sa jiran juna a wurin `sem_wait`, kowa wucewa yake yi, wani lokacin kuma ta faɗi da `bus error` tun ba ta fara aikin kirki ba.

A Windows na saka MSYS2, na yi `pacman -S gcc`, sannan na kira CMake daga PowerShell. Wani fayil ya ba da `fatal error: pthread.h: No such file or directory`, wani kuma ya ba da `'mutex' in namespace 'std' does not name a type`.

Shin akwai laburaren pthread guda ɗaya da zan sauke in saka a dukkan ukun a huta? Ko kuwa akwai abin da nake yi ba daidai ba?

mai_gini

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka sauke kowane laburare tukuna. A dukkan kwamfutocin nan biyu, kwamfailar da kake zaton tana gina maka kod ba ita ce ke ginawa ba, kuma saƙonnin kuskuren da ka kawo su suka tona haka.

Duba na macOS. A kod na C++, `unknown type name` lafazin clang ne. Da g++ na gaskiya ne ya karanta fayil ɗin, da cewa zai yi `does not name a type`. Dalili shi ne `/usr/bin/gcc` da `/usr/bin/g++` a macOS ba GCC ba ne, Apple clang ne ɗauke da wannan suna. Buga `/usr/bin/gcc --version` ka gani da idonka. Homebrew kuwa yana ajiye nasa a `/opt/homebrew/bin` a kan Apple Silicon, ko `/usr/local/bin` a kan Intel, da lambar siga a ƙarshen suna, ba ya ƙirƙirar `gcc` zalla. Shi kuma `alias` iyakarsa shel ɗin da kake bugawa a ciki. CMake da make ba sa ganinsa ko kaɗan, domin su kai tsaye suke bin PATH, wato jerin foldojin da ake neman umarni a ciki, su nemi fayil mai wannan suna.

Kafin komai, a kowace kwamfuta ka tambayi abu huɗu. `type -a g++` zai jero maka duk g++ da ke kan PATH bisa tsarin da ake bi, na farko shi ke cin kasuwa. `g++ --version` zai faɗi ko wace ce. `g++ -dumpmachine` zai faɗi tsarin da take ginawa dominsa. `g++ -v` kuma zai nuna layin `Thread model`, wanda a Windows shi ne rabin matsalarka. In kana son ganin foldojin da take neman heda (fayiloli irin su `pthread.h`) a ciki, `echo | g++ -E -x c++ -v -` zai jero su. A PowerShell ka lura: `where` kaɗai wani umarni ne daban, sai ka rubuta `where.exe g++` ko `Get-Command g++ -All`.

Sai tarkon CMake, wanda ya fi cin mutane. CMake yana zaɓar kwamfaila sau ɗaya ne, a karon farko da ka kira shi a foldar gini, ya rubuta cikakkiyar hanyarta a `CMakeCache.txt`. Daga nan ko ka gyara PATH, ko ka sa `CC` da `CXX`, ba zai waiwaya ba. Saboda haka mutum zai gyara komai daidai ya ga kuskure bai motsa ba, ya ɗauka gyaran ne bai yi ba. Share foldar gaba ɗaya, ko ka yi amfani da `--fresh` in CMake naka ya kai 3.24, sannan ka ba shi cikakkiyar hanya:

`cmake -S . -B gini -DCMAKE_C_COMPILER=/opt/homebrew/bin/gcc-14 -DCMAKE_CXX_COMPILER=/opt/homebrew/bin/g++-14`

Karanta layukan farko da zai fitar. In ka ga `AppleClang`, har yanzu clang ne. In ka ga `GNU`, to GCC ne. Kada ka rubuta hanyar kwamfaila a cikin `CMakeLists.txt`, musamman bayan layin `project`, domin a lokacin zaɓi ya riga ya wuce, kuma hanyar da ta dace da kwamfutarka ba za ta dace da ta wani ba.

Amma shawarata a macOS ita ce ka bar GCC ɗin, ka zauna a kan Apple clang. Laburaren C++ da Homebrew ke rabawa galibi da clang da libc++ aka gina su, GCC kuma libstdc++ yake amfani da shi. In ka haɗa biyun, linka, wato mai haɗa kod da laburare a ƙarshen gini, zai fara kukan bai ga sunaye masu `std::__1` ko `std::__cxx11` ba, ka tashi daga matsala ɗaya ka faɗa wata. Ga kuma abu mafi muhimmanci: canja kwamfaila ba zai kawo maka `pthread_barrier_t` ba. Fayil ɗin `pthread.h` ba na kwamfaila ba ne, na tsarin ne, yana cikin SDK ɗin da `xcrun --show-sdk-path` ke nunawa. Tun macOS 10.14 ma aka daina zuba heda a `/usr/include`. Ko clang ko GCC, heda ɗaya za su karanta.

tsarin_unix

Bayanin Malam mai_gini daidai ne, bari in ɗora daga inda ya tsaya. Ƙanena, macOS yana da pthread a cikin `libSystem`, babu abin da za ka sauke. Abin da ya faru shi ne wasu sassan POSIX, wato ƙa'idar da pthread ke bi, ba su cikinsa, kuma manhajarka ta taka biyu daga ciki, ga kuma `pthread_setname_np` da salonsa ya bambanta.

Wanda ya fi haɗari shi ne `sem_init`, domin shi ba ya hana gini. Sunan yana nan a heda, gargaɗi kawai za ka gani, amma in aka kira shi sai ya dawo da -1, `errno` ya zama `ENOSYS`. Semafo ɗin, wato ma'ƙidayin da ke sa zare ya jira, wanda `sem_init` ya kamata ya ƙirƙira, bai taɓa samuwa ba, don haka `sem_wait` yana dawowa nan take da kuskure maimakon ya jira. Wannan shi ne wucewar da ka ga zarurrukan suna yi. Da kod ɗin yana duba abin da `sem_init` ya dawo da shi, da tun layin farko ka sani. Ka bi duk kiran pthread da na semafo ka sa musu dubawa, kuma ka tuna bambancinsu: ayyukan `pthread_` suna dawo da lambar kuskuren ne kai tsaye ba tare da taɓa `errno` ba, na `sem_` kuwa -1 suke dawowa da shi su sa `errno`.

Mafita uku ce. Akwai `sem_open` mai suna, wanda yake aiki a macOS, amma sunan gajere ake so, kuma yana nan a tsarin har sai ka yi `sem_unlink`, ko da manhajar ta faɗi. Ba na son sa don aikin cikin manhaja ɗaya. Akwai `dispatch_semaphore_t` na Apple, mai kyau ne, sai dai in ka gama da shi ka sake shi alhali ƙimarsa ta yi ƙasa da wadda ka fara da ita, zai kayar da manhajar da gangan. Na uku, wanda na fi so, ka gina naka da makulli (mutex) da `condition_variable` da lambar ƙidaya, layi ashirin bai kai ba, kuma zai yi aiki a dukkan tsarin uku. In kwamfailolinka duka sun kai C++20, `std::counting_semaphore` da `std::barrier` sun ɗauke maka wannan aikin.

Shi ma shingen, wato `pthread_barrier_t` da ke sa zarurruka su jira juna har kowa ya iso, haka ne. In za ka rubuta shi da hannu, ga zuciyarsa:

```
pthread_mutex_lock(&s->makulli);
unsigned zagaye = s->zagaye;
if (++s->sun_iso == s->adadi) {
    s->sun_iso = 0;
    s->zagaye++;
    pthread_cond_broadcast(&s->jira);
} else {
    while (zagaye == s->zagaye)
        pthread_cond_wait(&s->jira, &s->makulli);
}
pthread_mutex_unlock(&s->makulli);
```

Lambar `zagaye` ita ce ginshiƙin, kada ka cire ta. In da `sun_iso` kaɗai ake dubawa, zare na ƙarshe zai mayar da ita sifili, waɗanda aka tasa su farka su ga ba ta cika ba su koma barci, ko kuma wani zare mai sauri ya zagayo ya ƙara ta kafin na baya su fita. Sakamakon shi ne manhaja ta sandare sau ɗaya a gwaji da yawa, irin kuskuren da ke wahalar kamawa. `while` ɗin ma dole ne, ba `if` ba, domin `pthread_cond_wait` yana iya farkawa ba tare da kowa ya tashe shi ba.

Wurin zaɓar wanne kod za a gina, kada ka rubuta `#ifdef _POSIX_BARRIERS`. A macOS sunan yana nan a `unistd.h`, ƙimarsa ce -1, ma'ana babu. Rubuta `#if defined(_POSIX_BARRIERS) && _POSIX_BARRIERS > 0`.

`pthread_setname_np` mai sauƙi ne. A Linux abu biyu yake karɓa, zaren da sunan, kuma sunan ba ya wuce harafi 15. A macOS suna kaɗai yake karɓa, kuma zaren da ya kira shi ne kawai ke samun sunan. Mayar da kiran ya zama layin farko a cikin aikin zaren kansa, ka naɗe shi a ƙaramin aiki ɗaya mai `#ifdef __APPLE__`. Harafan `_np` a ƙarshen suna gargaɗi ne cewa abin ba ya cikin POSIX, kowane tsari da nasa salon.

Saura `bus error`. Zato mafi ƙarfi shi ne sitak (stack), wato wurin ajiyar wucin gadi da kowane zare ke da nasa. A Linux mai glibc, sabon zare yana gadon girman da `ulimit -s` ya nuna, wanda galibi megabait 8 ne. A macOS zaren da ba na farko ba kilobait 512 kawai yake samu. Jeri ɗaya kamar `double ma_aji[100000]` a cikin aikin zare bait 800,000 ne, ya riga ya zarce. Nemi manyan jeri na cikin aiki da kuma ayyukan da ke kiran kansu da zurfi. Gyaran da ya fi ƙarko shi ne mayar da jerin `std::vector`. In dole sai babban sitak, yi amfani da `pthread_attr_setstacksize`, amma girman ya zama ninkin girman shafi, wato kilobait 16 a Apple Silicon, in ba haka ba zai dawo da `EINVAL` ya bar ka da tsohon girman. `std::thread` ba shi da hanyar sa girman sitak sam.

Ka kuma leƙa ko akwai `pthread_spin_lock`, `sem_timedwait`, `pthread_mutex_timedlock` ko `pthread_condattr_setclock` a wani lungun kod ɗin. Dukkansu babu su a macOS.

ɗan_koyo

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. A macOS abin ya fito yadda kuka faɗa: `sem_init` -1 yake dawowa da shi, kuma akwai jeri na kusan megabait ɗaya a cikin aikin zaren. Na koma clang, na sa shingen hannu, yanzu tana aiki.

A Windows, `where.exe g++` layi ɗaya ya nuna, `C:\MinGW\bin\g++.exe`. Sigarsa 6.3.0, `-dumpmachine` ya ce `mingw32`, sannan `Thread model: win32`. Na MSYS2 bai fito ba ko kaɗan. In sa `C:\msys64\usr\bin` a gaban PATH ne?

mai_tagogi

A'a, ɗan'uwa, kada ka sa wannan foldar. Za ka gudu ne ba ka tsira ba.

Abin da PowerShell ya samo tsohon MinGW ne na 32-bit, ba mingw-w64 ba. Tsarin zarensa `win32` ne, ba ya zuwa da `pthread.h`, kuma a GCC da ke ƙasa da 13 wannan tsarin ba ya ba da `std::thread` ko `std::mutex`: hedar `<mutex>` tana nan, amma abin da ke ciki a rufe yake. Kurakuranka biyu daga tushe ɗaya suka fito. A Windows laburaren zare yana tafe ne tare da kwamfaila, tun lokacin da aka gina ita kanta kwamfailar aka yanke wannan hukunci, babu zaɓin da za ka ƙara a layin umarni ya juya `win32` ya koma `posix`.

Shi kuma `pacman -S gcc` da ka yi, GCC na muhallin MSYS ya saka maka a `/usr/bin`. Wannan don gina kayan aikin MSYS2 kansa aka yi shi, duk abin da ya gina sai ya dogara da `msys-2.0.dll`. Ba shi ake gina manhajar Windows ta raba wa jama'a da shi ba. Buɗe tagar MSYS2 da aka rubuta wa UCRT64, wadda ita ce MSYS2 ke ba da shawarar amfani da ita tun 2022, ka saka waɗannan:

`pacman -S mingw-w64-ucrt-x86_64-gcc mingw-w64-ucrt-x86_64-cmake mingw-w64-ucrt-x86_64-ninja`

A cikin wannan tagar, `type -a g++` ya fara nuna `/ucrt64/bin/g++`, `-dumpmachine` ya ce `x86_64-w64-mingw32`, `g++ -v` kuma ya ce `Thread model: posix`. In ukun nan suka cika, ka samu winpthreads, wanda ke da `pthread.h`, shinge da `sem_init` duka. Share tsohuwar foldar gini, ka kira `cmake -G Ninja` daga cikin tagar. Shi ma CMake ɗin ka tabbata na `/ucrt64/bin` ne. Amfanin tagar shi ne ba ta jawo dukkan PATH na Windows ciki, don haka tsohon MinGW ba zai shigo ba. In dole sai PowerShell, foldar da za ka sa ita ce `C:\msys64\ucrt64\bin`, kuma ka sani Windows yana jera PATH na tsarin gaba da na mai amfani. In `C:\MinGW\bin` yana a na tsarin kai kuma ka ƙara naka a na mai amfani, tsohon ne zai ci gaba da yin nasara. Cire shi, ka rufe tagar ka buɗe sabuwa.

Bayan gini akwai mataki na biyu da ke jiranka. Manhajar za ta tashi a tagar UCRT64, amma in ka danna ta daga folda ko ka kai ta wata kwamfutar, za ta ce ba ta ga `libwinpthread-1.dll` ba. Duba abin da take buƙata da `objdump -p manhaja.exe | grep "DLL Name"`. Galibi uku ne nata: `libstdc++-6.dll`, `libgcc_s_seh-1.dll` da `libwinpthread-1.dll`. Ko dai ka kwafe su daga `/ucrt64/bin` ka ajiye kusa da fayil ɗin `.exe`, ko ka haɗa da `-static`. Mutane da yawa suna sa `-static-libgcc -static-libstdc++` su ɗauka sun gama, alhali waɗannan biyun ba su shafi winpthread ba.

Kada ka ɗauko DLL ɗin daga intanet, kada kuma ka dogara da PATH ya samo shi. Manhajoji da dama suna tafe da nasu kwafin mai suna iri ɗaya. Windows yana fara duba foldar manhajar, sannan foldojin tsarin, PATH ne ƙarshe, kuma wanda ya fara samu shi yake lodawa. In ya ci karo da na 32-bit, kuskuren `0xc000007b` za ka gani. In na wata sigar ne, zai ce bai samu mashigar wani aiki a cikin DLL ɗin ba. Ajiye naka kusa da `.exe` yana rufe wannan ƙofar.

Abu na ƙarshe a kod ɗin: kada ka zuba `pthread_t` ko adireshi a cikin `long`. A Windows 64-bit `long` bit 32 ne, a Linux da macOS kuwa 64. Don adireshi yi amfani da `uintptr_t`, don kwatanta zare biyu kuma `pthread_equal`.

mai_gini

Ƙari ɗaya, domin Linux ɗin da kake ganin lafiyarsa ƙalau ma akwai abin dubawa. Leƙa `CMakeLists.txt` ka ga ko an ambaci zare a ciki. Ina kyautata zaton ba a ambata ba, kuma Ubuntu 22.04 ne ya rufa asiri. Tun glibc 2.34, wanda ya fito a 2021, aka shigar da libpthread cikin libc kansa, shi kuma 22.04 yana da 2.35, don haka kod yana haɗuwa ko ba a nemi laburaren ba. Kai wannan kod ɗin Ubuntu 20.04 ko Debian 11, masu glibc 2.31, za ka ga `undefined reference to 'pthread_create'`. Rubuta haka:

```
set(THREADS_PREFER_PTHREAD_FLAG ON)
find_package(Threads REQUIRED)
target_link_libraries(manhaja PRIVATE Threads::Threads)
```

Wannan zai sa `-pthread` inda ake buƙatarsa, ya bar shi inda ba a buƙata. In Makefile ne na hannu, `-pthread` ya fi `-lpthread`, kuma a sa shi a matakin kwamfaila da na linka duka, domin bayan haɗa laburaren yana kuma kunna `_REENTRANT`. `-lpthread` kuwa in ya zo gaban fayilolin `.o` a layin umarni, linka na iya tsallake shi, tunda daga hagu zuwa dama yake karantawa kuma a lokacin babu wanda ya nemi sunayen da ke ciki.

In kuma fayil ɗin da aka riga aka gina za ka raba, ba kod ba, ka gina shi a kan tsarin da ya fi tsufa cikin waɗanda kake son ya yi aiki a kansu. Wanda aka gina a 22.04 in aka kai shi 20.04 zai tsaya da `version 'GLIBC_2.34' not found`. Kafin ka aika, `objdump -T manhaja | grep GLIBC_` zai nuna maka sigar glibc mafi girma da yake nema.